Dokta Kucinski, Malamin Ƙidayar Jama'a

A cikin ilmin da a ke koyarwa a manyan jami'o'in duniya akwai wani fanni wanda jama'a ba su cika jin labarinsa ba, amma kuwa babu gwamnatin da za ta iya shirya makarantu, ko asibitoci, ko rijiyoyi, ko haraji, in ba da shi ba. Wannan fanni shi ne ilmin ƙidayar jama'a, watau sanin yawan mutanen ƙasa, da nawa a ke haifa, da nawa ke mutuwa, da nawa ke ƙaura, da abin da waɗannan duka za su jawo nan gaba. Yau muna so mu ba masu karatu labarin mutumin da ya fara riƙe muƙamin koyar da wannan ilmi a wata jami'a ta Ingila, wanda kuma ya ƙare kwanakinsa yana bin takardun ƙidayar ƙasarmu layi layi. Sunansa Robert René Kuczynski, ana faɗinsa Kucinski.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi a Barlin, babban birnin Jamus, ran 12 ga Agusta 1876. Mutanen gidansu Yahudawa ne masu wadata, ubansa kuwa mai banki ne. Da ya so, da ya gāji sana'ar ubansa ya zauna cikin daula, amma sai ya zaɓi karatu. Ya yi karatun shari'a da na tattalin arziki a jami'o'in Freiburg da Strasbourg da Munik, a Munik ɗin kuwa ya sami digirinsa na Dokta a cikin 1897, bai wuce shekara 21 ba.

Ya kamata mu tsaya nan mu bayyana wannan laƙabi, don kada a zaci likita mu ke nufi. Digirin Dokta shi ne ƙarshen matakan karatun jami'a, kuma ba da haddace littattafan wasu a ke samunsa ba. Ɗalibi ya kan zaɓi matsala guda wadda ba a warware ba, ya zauna ƙarƙashin wani shaihun malami yana bincikenta, sa'an nan ya rubuta littafi a kan abin da ya gano, malamai su taru su yi masa tambayoyi baki da baki. Malamin Kucinski shi ne Lujo Brentano, mashahurin masanin tattalin arziki. Matsalar da ya zaɓa kuwa ita ce kwararowar mutanen ƙauye zuwa birni. A zamanin nan waɗansu marubutan Jamus suna cewa zaman birni yana cinye zuriya, wai ba don 'yan ƙauye suna zuwa suna cike gurbi ba, da birane sun mutu. Yaron nan ya ɗauki alƙaluman da suka dogara da su, ya auna su ɗaya ɗaya, ya nuna ba su isa hujja ba. Halinsa ke nan har ya mutu: in an faɗi magana a kan jama'a, sai ya tambayi inda aka samo lissafin, da wanda ya ƙirga, da yadda ya ƙirga.

Da ya gama jami'a bai ɗauki kansa ya ƙoshi ba. Sai ya shiga Ofishin Ƙididdiga na birnin Barlin, ya zama almajirin shugaban ofishin, Richard Böckh, wanda ya yi suna wajen tsanani a kan lissafin haihuwa da mutuwa. Daga nan, wajen 1900, ya ƙetare zuwa Amurka, ya yi 'yan shekaru yana aiki a ofisoshin ƙidaya da na harkokin ma'aikata a Washinton. Watau jami'a ta koya masa yadda a ke tambaya, ofis kuma ya koya masa yadda a ke cika takarda, da inda kuskure ya kan shiga cikinta.

Aikinsa a Jamus

Ya komo gida ya zama shugaban Ofishin Ƙididdiga na garin Elberfeld a cikin 1904. Daga 1906 har 1921 kuma ya shugabanci na Schöneberg, wanda a da gari ne manne da Barlin. A cikin waɗannan shekaru ya yi bincike a kan cunkoson gidajen talakawa, da ladan ma'aikata da sa'o'in aikinsu a Turai da Amurka. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana cikin masanan da suka yi lissafin abincin da Jamus ke da shi. Bayan yaƙi, da kuɗin Jamus ya lalace, ya riƙa fitar da lissafin mafi ƙanƙancin abin da magidanci ke bukata ya ciyar da iyalinsa a Barlin.

Wannan aiki ya ja shi cikin siyasa. A cikin 1918 aka tuɓe Sarkin Jamus da sauran sarakunan ƙasar, aka yi ta gardama a kan dukiyarsu. A 1926 Kucinski ya shugabanci kwamitin da ya nemi a tambayi jama'a ta hanyar ƙuri'a ko a karɓe dukiyar ba diyya. Mutum wajen miliyan 14 da rabi suka ce a karɓe, amma doka ta bukaci kusan miliyan 20, saboda haka maganar ta faɗi. Ko mutum ya yarda da ra'ayinsa ko bai yarda ba, abin da ya tabbata shi ne tun daga ran nan ya yi abokan gāba masu ƙarfi.

Ma'aunin maye gurbi

Abin da ya sa sunansa ya zaga duniya shi ne wani ma'auni da malaminsa Böckh ya ƙago a cikin 1884, aka yi shekaru ba a kula da shi ba. Kucinski ya tono shi, ya gyara, ya yi aiki da shi a kan ƙasashe masu yawa sa'ad da ya ke aiki da Cibiyar Brookings ta Washinton.

A da, in an so a san ko jama'a na ƙaruwa, sai a ɗebe mutuwar shekara daga haihuwar shekara, in an sami saura a ce madalla. Kucinski ya nuna wannan lissafi yana ruɗi. Ƙasa ta kan cika da samari da 'yan mata waɗanda aka haifa a zamanin yawan haihuwa, mutuwa ta yi ƙaranci don tsofaffi kaɗan ne, alhali kuwa su samarin ba su haifar abin da zai maye gurbinsu. Makiyayi ya san wannan sarai, gama ba yawan bijimai ya ke dubawa ba in yana son sanin gaban garkensa, 'yan maruƙa mata ya ke ƙirgawa.

Ga yadda ma'aunin ya ke. A ɗauki 'ya'ya mata 100 da aka haifa, a bi su har su wuce shekarun haihuwa, a ga 'ya'ya mata nawa za su bari. Misali, in 60 daga cikinsu suka rayu, kowace ta haifi mata biyu, an sami 120, jama'a na ƙaruwa ko da ya ke mutuwar yara ta yi yawa. In kuwa 90 suka rayu, amma kowace mace ɗaya ta haifa, an sami 90, jama'a ta kama hanyar raguwa ko da ya ke lafiya ta wadata. A cikin littafinsa na 1928 a kan daidaiton haihuwa da mutuwa, ya nuna bisa ga lissafin 1926 uwaye 100 na Turai ta Yamma da ta Arewa suna barin magāda 93 kaɗai. Wannan magana ta ta da hankalin Turawa ƙwarai.

Gaskiya ita ce abin bai zo nan da nan yadda aka ji tsoro ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu haihuwa ta ƙaru a Turai, sai daga wajen 1970 ta sāke faɗuwa ƙasa da abin da zai maye gurbi. Dalili kuwa, ma'aunin yana faɗin abin da zai faru ne in halin haihuwa da mutuwa ya tsaya yadda ya ke, mutane kuwa su kan sāke hali. Duk da haka har yanzu ɗalibin wannan ilmi ba ya wucewa sai ya ƙware a kansa.

Gudun hijira da kujerar koyarwa

A cikin 1933 Hitila ya kama mulkin Jamus. Kucinski Bayahude ne, ga shi kuma sananne a cikin masu neman haƙƙin talakawa, saboda haka zama bai gan shi ba. Ya bar ƙasarsa yana da shekara 56, ya sauka Ingila. Makarantar Ilmin Tattalin Arziki ta Landan ta karɓe shi a sashen da Lancelot Hogben ke shugabanta. A 1935 ya fitar da littafi a kan hanyoyin auna ƙaruwar jama'a, wanda ɗalibai suka daɗe suna koyo da shi. A 1938 makarantar ta naɗa shi babban malamin ilmin ƙidayar jama'a, kafinsa kuwa babu jami'ar Ingila da ta taɓa yin irin wannan muƙami. David Glass, wanda ya yi aiki tare da shi, ya riƙe muƙamin daga baya, ya kuma shugabanci mujallar binciken jama'a da aka fara bugawa a 1947.

Zamanin nan ne ilmin ya fara samun gidajen kansa. An buɗe ofishin binciken jama'a a Jami'ar Princeton ta Amurka a 1936, Faransa kuma ta kafa cibiyarta a 1945. Kafin wannan, mai son fannin sai dai ya yi yadda Kucinski ya yi, ya karanta wani ilmi dabam, sa'an nan ya nemi ofis ya yi almajirci.

Ya juyo kan Afirka

Da ya zauna Ingila sai ya tambayi abin da ba a saba tambaya ba: mutum nawa ne a ƙasashen da Turawa ke mulki, kuma yaya aka san haka? A 1937 ya rubuta ɗan littafi a kan wannan. A 1939 ya fitar da wani babba a kan Kamaru da Togo, mu kuwa mun san wani yanki na Kamaru a lokacin tare da lardunan Adamawa da Barno a ke mulkinsa. A 1944 aka naɗa shi mai ba Ofishin Ƙasashen Mulkin Ingila shawara a kan ƙidaya.

Babban aikinsa shi ne binciken jama'ar dukan ƙasashen da Ingila ke mulki. Juzu'i na fari a kan Afirka ta Yamma ne, watau Nijeriya, da Gana wadda a ke kira Gwalkwas a lokacin, da Saliyo, da Gambiya, shafinsa ya kai wajen 800. Ya tara rahotannin Gwamnoni, da na likitoci, da takardun ƙidaya, ya gwama wannan da wancan. Abin da ya gano shi ne yawancin alƙaluman kintace ne.

Mu ɗauki ƙidayar Nijeriya ta 1931, wadda ta ba da mutum kusan miliyan 20, fiye da miliyan 11 a Arewa. Ba a bi gida gida ba sai a Ikko da waɗansu garuruwa da ƙauyuka 'yan kaɗan. Sauran duk daga littattafan haraji aka ɗauko. Kowa kuwa ya san halin ƙidayar haraji: magidanta a ke nema, mata da yara ba a matsa a kansu ba, mai iya ɓuya kuma ya kan ɓuya. A Gabas ma tarzomar matan Aba ta 1929, wadda ta tashi saboda tsoron ƙirga mata don a aza musu haraji, ta sa ma'aikata suka yi ɗari-ɗari. Rajistar haihuwa da mutuwa kuwa, in an ɗebe Ikko, ba ta kafu sosai ba. Da aka yi ƙidayar 1952 zuwa 1953 aka sami fiye da miliyan 30, masana da yawa suka ga wani kashi na wannan ƙari mutanen da aka tsallake ne a 1931.

Kucinski bai ga fitowar littafin ba. Ya rasu a Ingila ran 25 ga Nuwamba 1947, yana da shekara 71. Juzu'in Afirka ta Yamma ya fito a 1948, na biyu a 1949, na uku a 1953. Ya bar 'ya'ya shida. Babbansu, Jürgen, ya zama mashahurin masanin tarihin tattalin arziki a Jamus ta Gabas, ƙanwarsa Ursula kuwa ta yi suna a aikin leƙen asiri wa Tarayyar Sobiyat.

Abin da ya biyo baya

Giɓin da ya nuna bai tafi a banza ba. William Brass, wanda ya yi aikin ƙididdiga a Afirka ta Gabas, ya ƙago hanyoyin gano yawan mutuwar yara ta tambayar mata 'ya'ya nawa suka haifa, nawa kuma ke da rai, ko da babu rajista. Aka kafa cibiyar koyar da ilmin a Alƙahira a 1963, aka kafa wata a Jami'ar Gana da ke Legon a 1972, da wata a Yawunde don ƙasashe masu aiki da Faransanci. Ta haka ɗan Afirka ya sami ikon yin karatun nan mai zurfi a nahiyarsa.

Amma mu a Nijeriya maganar ƙidaya ta zame mana ƙarfen ƙafa. An soke ta 1962, an yi gardama a kan ta 1963, an soke ta 1973, ta 1991 da ta 2006 ma ba su tsira daga ƙorafi ba. Dalili kuwa a fili ya ke, gama da yawan kai a ke rabon kujeru da kuɗi. A zamanin haraji ɓoye mutane aka yi, da rabo ya zo kuma aka shiga zargin juna da ƙari.

To, jama'a, musamman ku akawuna da malaman makaranta, ku dubi inda wannan babban malami ya samo kayan aikinsa. Duk shafi 800 ɗin nan a kan abin da ma'aikata suka rubuta aka gina su, tushen da yawa daga ciki kuwa rajistar da wani malamin hakimi ko akawun En'e ya cika ne a zaure. Inda akawun ya ƙirga da gaske, Dokta ya sami abin dogara. Inda ya zauna a inuwa ya kintata, duk ilmin Barlin da Landan bai iya gyara ɓarnar ba, kuma garin da aka rage wa mutane a takarda shi ya kan rasa aji da ɗakin magani. Saboda haka in an ba ka rajistar haihuwa, ko ta 'yan makaranta, ko takardar ƙidaya, rubuta abin da ka ƙirga da idonka, in wani gurbi ya gagare ka kuma ka rubuta cewa ba a ƙirga ba.