Richard Montague

Richard Merritt Montague (20 ga Satumba, 1930 – 7 ga Maris, 1971) masanin lissafi ne kuma masanin falsafa ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da shigar da dabarun mantiƙi cikin nazarin ma'anar jimla, hanyar da ake kira nahawun Montague.

Karatu da aiki

An haife shi a garin Stockton na jihar Kalifoniya. Ya yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda ya samu digirin farko a falsafa a 1950, na biyu a lissafi a 1953, sannan digirin digirgir a 1957 a ƙarƙashin Alfred Tarski. Ya koyar a sashen falsafa na UCLA har ƙarshen rayuwarsa. Shi da Donald Kalish suka wallafa littafin koyar da mantiƙi a 1964. Gwani ne kuma wajen kaɗa ogan.

Ma'anar jimla da lissafin lamda

A zamaninsa masana mantiƙi da dama suna ganin harshen ɗan Adam ya cika harshen damo, ba zai lissafu ba. Montague bai yarda da haka ba. Cikin maƙalu uku, biyu a 1970 da ɗaya da ta fito a 1973 bayan mutuwarsa, ya nuna cewa kowace ƙa'idar ginin jimla za a iya haɗa ta da ƙa'idar ma'ana, ta yadda ma'anar jimla za ta fito daga ma'anar sassanta da yadda aka jera su.

Abin da ya yi aiki da shi shi ne lissafin lamda, wanda Alonzo Church ya ƙirƙira a shekarun 1930. Harafin λ yana nuna gurbin da ke jiran a cike shi. Idan aka ɗauki jimlar Audu ya zo, ma'anar aikatau ita ce λx.zo(x), kuma da zarar Audu ya shiga gurbin x sai a samu zo(Audu), zancen da ko dai gaskiya ne ko ƙarya. Inda dabarar ta fi amfani shi ne yankin suna irin kowane ɗalibi, wanda ba ya nuna wani mutum guda. Montague ya ɗauke shi a matsayin abin da shi ne yake karɓar aikatau a gurbinsa, ya kuma bi da sunayen yanka ta wannan hanya, don haka Audu da kowane ɗalibi suka zama aji ɗaya a ma'ana kamar yadda suke a nahawu.

Rubutunsa yana da tsauri ƙwarai ga wanda bai san mantiƙi ba. Barbara Partee ce ta fi kowa ƙoƙarin kai shi ga masana harshe, Richmond Thomason kuma ya tattara maƙalunsa cikin littafin Formal Philosophy a 1974. Hans Kamp yana cikin ɗalibansa.

Mutuwa

An kashe Montague a gidansa da ke Los Angeles yana da shekara 40. Har yau ba a gano wanda ya kashe shi ba.