Johann Quantz, ɗan maƙerin da ya koya wa sarki busa sarewa

A ƙasar Hausa an fi sanin sarewa a hannun makiyayi, fada kuwa ta algaita ce da kakaki. Amma a Turai ta ƙarni na 18 sarewa ta shiga fada har ta kai hannun sarki. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗaga darajarta shi ne Johann Joachim Quantz, Bajamushe mabushi kuma malami, wanda har yau masana kiɗa ke komawa ga littafinsa.

An haifi Quantz ranar 30 ga watan Janairun 1697 a ƙauyen Oberscheden da ke kusa da birnin Göttingen. Mahaifinsa maƙeri ne, kuma ya so ɗansa ya gaje shi a maƙera, sai dai ya rasu yaron yana da shekaru 10. A 1708 Quantz ya koma wurin baffansa, makaɗi a garin Merseburg, inda ya fara koyon goge irin na Turawa da ƙaho da kuma oboe, wani abin busa mai kama da algaita.

A 1718 ya sami aikin busa oboe a rukunin makaɗan Sarki Augustus na Biyu, mai mulkin Saxony da Poland. Ganin cewa akwai manyan mabusa a gabansa, kuma ɗaukaka za ta yi wuya, sai ya juya ga sarewa. Ya yi watanni huɗu yana ɗaukar darasi wurin Bafaranshen nan Pierre-Gabriel Buffardin. Daga 1724 zuwa 1727 ya yi yawon neman ilmi a Italiya da Faransa da Ingila. A Paris ne ya ƙara wa sarewa maɓalli na biyu domin daidaita sautinta, a Landan kuma ya gana da shahararren mai tsara kiɗa Handel.

Al'amura sun sauya masa a 1728, lokacin da yarima mai jiran gadon Prussia, Frederick, ya ji busarsa ya kuma nemi ya zama malaminsa. Mahaifin yariman, Sarki Frederick William na Ɗaya, mutum ne mai tsanani da bai san komai ba sai harkar soja, kuma yana ɗaukar kiɗa a matsayin shiririta. Duk da haka Quantz ya riƙa zuwa daga Dresden sau biyu a shekara yana koyar da shi.

Bayan Frederick ya hau gadon sarauta a 1740, ya ɗauki malaminsa aiki a ƙarshen 1741 a kan albashin thaler 2000 a shekara, ban da ladan kowane sabon kiɗa da kowace sarewa da ya ƙera. Carl Philipp Emanuel Bach, ɗan shahararren Johann Sebastian Bach, da thaler 300 kacal ya fara a wannan fada. Quantz ba ya karɓar umarni daga kowa sai sarki, kuma shi kaɗai ne a cikin makaɗa aka yardar wa ya yaba busar sarkin ko ya yi mata gyara.

Wannan gata bai zo haka kawai ba. Quantz ya tsara manyan kaɗe-kaɗen sarewa kimanin 300 da wasu ƙanana kimanin 200, amma akasarinsu mallakar sarki ne, shi ake busa wa ko kuma shi ke busawa da maraice a fada. Kaɗan ne aka buga a zamaninsa. Bugu da ƙari, sarkin ba mai son sabon salo ba ne, saboda haka salon Quantz ya tsaya kusan wuri guda yayin da kiɗan Turai ke sauyawa.

Abin da ya fitar da iliminsa daga bangon fada shi ne littafin koyon busa sarewa da ya wallafa a Berlin a 1752, da Jamusanci da Faransanci. Littafin na da babi 18, kuma kaso kaɗan ne ya keɓanta ga sarewa. Sauran ya yi bayani ne kan halayen da ake bukata ga mai neman sana'ar, da aikin kowane makaɗi a cikin rukuni, da bambancin salon Italiya da na Faransa, da yadda ake auna saurin kiɗa da bugun jijiyar hannu. Da yake babu na'urar naɗar sauti a wancan zamani, littafin ya zama ɗaya daga cikin manyan hujjojin da masana ke dogara da su wajen gane yadda ake kiɗa a ƙarni na 18. An fassara shi gaba ɗaya zuwa Ingilishi a 1966.

Quantz ya rasu a Potsdam ranar 12 ga watan Yulin 1773 yana da shekaru 76, bayan fiye da shekaru 30 a hidimar ɗalibinsa. Sarki Frederick ne ya sa aka gina abin tunawa a kan kabarinsa.