Jean de Brunhoff, mai zanen Babar

An haifi Jean de Brunhoff a birnin Faris, ƙasar Faransa, ranar 9 ga Disamba 1899. Mahaifinsa mai buga littattafai ne. Da Jean ya girma sai ya koyi zane wajen wani gwani mai suna Othon Friesz. A shekarar 1924 ya auri Cécile, wadda ta iya kaɗa fiyano. Yana ta zanensa, amma ba a san shi sosai ba.

Wani dare a shekarar 1930, Cécile ta yi wa ƴaƴanta biyu, Laurent da Mathieu, tatsuniya kafin su yi barci. Labarin wani ɗan giwa ne. Maharbi ya kashe uwarsa, ya gudu cikin birni, ya sayi tufafi, daga baya ƴan'uwansa suka mai da shi daji. Labarin ya yi wa yaran daɗi ƙwarai. Suka kai wa babansu, suka roƙe shi ya zana musu.

Yara, kun san tatsuniya da baki ake yin ta. Idan kaka ta ce giwa ta shiga kasuwa, kowa ya gan ta a zuciyarsa yadda yake so. Mai zane kuwa dole ya yanke shawara. Yaya girman giwar yake? Ina za ta tsaya a shafi? Wane launi ne rigarta?

Jean bai yi gaggawa ba. Ya fara da fensir. Ya zana, ya goge, ya sake zanawa. Ya haɗa wani ɗan ƙaramin littafi na gwaji, don ya ga abin da zai zo a kowane shafi, da wurin da rubutu zai zauna. Sai da ya gamsu sannan ya bi layukan da tawada, ya sa musu fentin ruwa. Cikin wannan aiki labarin ma ya canja. Da farko ɗan giwar ba shi da suna. Jean ya raɗa masa Babar. Ya ƙara wata tsohuwa mai kuɗi da ta riƙe shi kamar ɗanta. Ya sa masa kwat kore, ya ba shi jar mota.

Dubi fuskar Babar: idanunsa ɗigo biyu ne kawai. Duk da haka, a shafin da aka harbe uwarsa, yaron da bai iya karatu ba ma zai gane baƙin cikinsa. Jean bai ɓoye wa yara mutuwa ba. Kalmomin kuma da rubutun hannu aka yi su, mai haɗaɗɗun baƙaƙe, irin wanda kuke koyo a ajin Faransanci. Littafin babba ne, tsawonsa ya wuce santimita 30, kuma wani hoton yakan cika shafi biyu.

Wansa Michel yana aikin jarida. Da shi da sauran dangi suka ga aikin, sai suka ce a buga. Littafin ya fito a 1931 da sunan Histoire de Babar. Cécile ta nemi a cire sunanta daga littafin, don tana ganin nata aikin kaɗan ne. Amma fa ba don ita ba, da babu Babar.

Akwai abin da ba za mu yaba ba. Jean ya yi zane a zamanin mulkin mallaka. A littafinsa na biyu, na 1932, ya zana baƙar fata kamar masu cin naman mutane, da siffa ta raini. Haka Turawa da yawa suke ɗaukar mu a lokacin, kuma ƙarya ce. Yaran da suka ga hoton ba su da hanyar sanin gaskiya.

Tarin fuka ya kama Jean. Ya tafi jinya kan duwatsun ƙasar Suwis, yana ci gaba da zane. A can ya rasu ranar 16 ga Oktoba 1937, yana da shekara 37. Littattafan Babar bakwai ya yi. Biyu na ƙarshe sun fito bayan rasuwarsa. Laurent, yaron nan da ya ji tatsuniyar, ya taimaka wajen sa launi a wasu shafukansu. Daga 1946 ya gaji aikin mahaifinsa. Shi ma ya rasu a 2024. Takardun gwajin Jean suna ajiye a ɗakin littattafai na Morgan, a Amurka.

Tambayoyi
1. Wa ya fara ba da labarin ɗan giwar?
2. Don me Jean ya yi littafin gwaji?
3. Zaɓi tatsuniya ɗaya ta Gizo, ka raba ta shafi huɗu, ka zana da fensir.