Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Mutumin da Ya Naɗa Aku Waziri

Daga wakilinmu na Arewa, Maiduguri

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai su Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, wannan mako za mu kawo muku tarihin marigayi Alhaji Abubakar Imam, mawallafin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Dalilin kawo shi kuwa shi ne, da yawa daga cikin yaran da aka haifa a Sabo ko Agege ko Idi-Araba suna tashi da Yarbanci da Turancin kasuwa a baki, Hausarsu kuwa ba ta wuce ta gaisuwa da aike ba. Uban da ke neman littafin da zai miƙa wa irin wannan yaro, ya kamata ya san wannan bawan Allah da abin da ya bari.

An haifi Abubakar Imam cikin shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a yau yake cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, asalin kakanninsa kuwa daga nan ƙasar Borno suka fito, daga wajen Dikwa, suka yi yamma. Mahaifinsa Malam Shehu Usman malami ne sananne a Kagara, saboda haka yaron ya buɗe ido ne a cikin allo da tawada da littattafan Larabci. Yana da wa, Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi da shekaru masu yawa, yana kuma aikin koyarwa a Katsina. Ta hannun wannan wa nasa ne ya tafi Katsina ya shiga makarantar boko.

A shekarar 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya fita a 1932. Wannan kwaleji ita ce ta yaye manyan Arewa na farko. A zamaninsa ya tarar da Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Kashim Ibrahim na Borno, wanda ya zama Gwamnan Jihar Arewa, sa'an nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya same shi a can. Da ya gama sai aka ɗauke shi malami a Makarantar Midil ta Katsina, yana koyar da Turanci.

To, a wannan lokaci akwai wata damuwa a makarantun Arewa. An koya wa yara karatun boko, amma ba su da abin karantawa da Hausa in ban da littattafan aji da 'yan fassare-fassare. Malaman ƙasar nan sun daɗe suna rubutu da Larabci da Ajami, sai dai rubutunsu na addini ne da tarihi da waƙa. Tatsuniya kuwa aka bar wa mata da yara da dare, ba a ɗauke ta abin da babban mutum zai ɓata tawada a kai ba. Saboda haka a shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, wadda wani Bature Dokta R. M. East ke shugabanta, ta sa gasa, ta nemi malamai su ƙago labari daga kansu su rubuta da Hausa.

Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri. Akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, sai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Watau biyu daga cikin biyar ɗin daga gida ɗaya suka fito, wa da ƙane. Imam kuwa a lokacin bai wuce shekara 22 ba.

Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar gida ya shiga duniya neman wani ruwa na al'ajabi da zai warkar da ɗan sarki. A hanya yana ta gamuwa da wani hatsabibi mai suna Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan wayo, gobe wancan ya rama, har tafiya ta kai shi ga ƙasar aljannu. Manazarta sun nuna cewa wannan gamo da rabuwa na mutum biyu masu wayo ya samo tushe daga Muƙamatul Hariri, littafin da malaman zaure suka sani sarai. Amma duk wanda ya karanta ba zai ji ƙamshin Basra ko Bagadaza ba, kasuwar ƙasar Hausa zai gani, da alƙalinta da dogarinta da 'yan cacarta. Littafin gajere ne, yaro mai ƙwazo zai iya gama shi cikin dare biyu ko uku, dariya kuwa ba ta barin mai karatu ya yi gyangyaɗi.

Dokta East ya ga abin da ke cikin wannan saurayi, sai ya roƙi a ba shi aronsa. A shekarar 1936 aka kawo Imam Zariya na wata shida. East ya tara masa littattafan labaru na ƙasashe iri iri, na Larabawa da na Indiya da Farisa da na Turai, irin su Alfu Laila wa Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus waɗanda 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tattara. Imam ya karance su, ya haɗa da tatsuniyoyin gida, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. Labarun da ke ciki sun haura 80.

A nan ne gwanintarsa ta fito fili. Da wani ne, da sai ya jera labarun nan ɗaya bayan ɗaya kamar buhunan gyaɗa. Shi kuwa sai ya ɗinke su da zare guda, watau wani aku mai hikima a fadar Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji. A littafi na ɗaya, sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, mugun waziri kuwa yana ƙulla makircin da zai fitar da yaron daga fada a hallaka shi. Kullum Musa ya yi shirin fita, sai aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Da haka ya ceci ransa, sarki ya dawo ya gane gaskiya, ya naɗa aku waziri. A littafi na biyu, akun ya kara da wani aku mai suna Haziƙ a gasar ba da labari a gaban sarakuna. A na uku kuwa, ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih dabarun magana da zaman duniya.

Wannan dabara ta tsuntsu mai tsare mutum da labari tsohuwa ce a littattafan Indiya da Farisa. Abin da Imam ya yi shi ne ya tuɓe wa kowane labari rigar ƙasarsu ya sa masa babbar riga da hula. Manomin Jamus ya koma talakan sarki, mayen Turai ya koma boka, aljanin Larabawa ya sami tsamiyar da zai zauna. Sunayen mutanen ma kaɗai sun isa su sa dariya, kamar Sahoro da Sahorama, ko Kalala da Kalalatu. Kan kowane labari kuwa sau da yawa karin magana ne, saboda haka yaron da ya gama littattafan nan uku zai fita da karin magana fiye da abin da zai tsinta cikin shekara goma a bakin tasha. Darasin da ke ƙarƙashin duka shi ne abin da sunan littafin ya faɗa, wanda ya iya bakinsa ya fi mai takobi, tun da tsuntsu marar hannu ya kayar da waziri da rundunarsa.

Ba labarun aljannu kaɗai ya rubuta ba. Shi da East sun wallafa Ikon Allah, inda suka bayyana al'amuran kimiyya da halittu da Hausa mai sauƙi, don mai karatu ya san cewa abin mamaki bai ƙare a tatsuniya ba, yana nan a cikin sama da ƙasa da jikin ɗan Adam.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka ɗauki Imam ya zama editanta na Hausa na farko. Ya riƙe wannan aiki fiye da shekara goma. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jaridar ta riƙa isa hannun sojojinmu har Bama, ta zama musu muryar gida a can nesa. Ku da ke zaune a Kudu kun fi kowa sanin daɗin wannan. Hausar da ya rubuta a jaridar da littattafansa ta taimaka ƙwarai wajen daidaita yadda ake rubuta harshen har yau.

A shekarar 1943 aka gayyaci 'yan jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila, Imam yana cikinsu, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam bai sa mata hannu ba, abin da ya jawo masa suka daga wasu jaridun Kudu. Amma a wannan tafiya ce ya gana da Lugga, tsohon Gwamna, ya bayyana masa koke-koken Arewa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, musamman ƙarancin ilmi da halin mulkin En'e. Labarin tafiyar shi ne ya rubuta a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Bayan haka ya shiga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya yi zama a majalisa, daga bisani ya bar siyasa ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya kuma rubuta littattafan addini da na tarihin Musulunci. An ba shi lambobin girma na OBE da CON.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya cikin watan Yuni na 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara.

Ƙofar da ya buɗe ba ta rufe ba. A bayansa Ahmadu Ingawa ya rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi, labarin jarumi mai ƙarfin da ya wuce na mutane. A 1969 kuma Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi yawo sararin samaniya, a shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata. Wanda ke cewa sai da Turanci ake labarin tafiya sama, bai ga wannan littafi ba.

Shawararmu ga magidanta ita ce a fara wa yaro da Magana Jari Ce littafi na ɗaya, domin labarunsa gajeru ne, ana iya karanta guda bayan sallar isha'i a ajiye sauran sai gobe, yadda akun ya yi wa Musa. In yaron bai iya karatun Hausa ba tukuna, uba ko uwa ko yaya su karanta masa da baki, ya tambayi ma'anar kalmar da ta shige masa duhu. Daga nan sai Ruwan Bagaja, sa'an nan Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi, sai a rufe da Tauraruwa Mai Wutsiya. Kamfanin NNPC na Zariya ya sha sake buga waɗannan littattafai, saboda haka duk mai zuwa gida hutun salla, ko direban da ke lodin Arewa, ana iya ba shi saƙo. Wanda ya samu kuma kada ya kulle a akwati, ya ba maƙwabci aro, ya karɓi wani a hannunsa.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya gafarta masa, ya sa aljanna ce makomarsa. Mu kuma Allah ya kyautata namu ƙarshe, amin.