ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA, ƊAN MADUGU

A zamanin da, tun ba a san mota ko jirgin ƙasa a ƙasar Hausa ba, yawancin goron da a ke ci a Kano da Katsina da Sakkwato a bayan jakuna ya ke zuwa daga Gwanja, watau arewacin ƙasar da a ke kira Ghana yanzu. Mutanen da su ke ɗauko shi su ne fatake. Ba wanda ke iya yin wannan tafiya shi kaɗai, sai a taru a yi ayari, a naɗa shugaba. Shugaban ayari shi a ke kira madugu. A cikin gidan wani madugu aka haifi mutumin da za mu karanta labarinsa yau.

An haifi Alhassan a garin Bebeji, a ƙasar Kano, cikin shekara ta 1877. Sunan ubansa Madugu Abdullahi, uwarsa kuwa Amarya a ke ce mata. Su Agalawa ne, watau wata zuriya wadda ta taso daga wajen Katsina ta zauna a ƙasar Kano, ta kuma shahara ƙwarai da fataucin goro. Ubansa da uwarsa duka fatake ne, kowanne da jarinsa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san irin sana'ar da yaron nan ya buɗe ido ya gani a gidansu. Fatake kan tashi ne da kaka, bayan an gama girbi, ruwa ya ɗauke, rafuka sun janye. Su kan ɗaura wa jakuna kanwa, da turkuɗi, da rigunan saƙi, da jan fata, da busasshiyar albasa, su nufi yamma. Wani ayarin ya kan kai mutum dubu, ban da dabbobi. Jagaba ne ke gaba yana duba hanya, madugu kuwa a baya ya ke tafiya, don kada a bar gajiyayye ko marar lafiya a daji. In rana ta yi zafi sai a sauka a zango, a sauke kaya, a kafa bukkoki, a kai jakuna kiwo. Matan da ke cikin ayari su hura wuta su dafa abinci, waɗansu ma su sayar, su sami nasu 'yan kuɗin.

Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin Gwanja ta kan bi ta Jega, sa'an nan ta haye kogin Kwara a wajajen Illo. Garin Illo yana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, wadda a da a ke kira Dahomey. A lokacin nan babu wannan iyaka. A bakin kogi sai ayari ya tsaya, wani lokaci kwana da kwanaki, masu jirgin fito suna ta kai mutane da kaya ƙetare, ana biyansu kuɗin fito. Daga nan sai a shiga ƙasar Bargu, a bi ta Zugu, wadda Faransawa su ke rubutawa Djougou, a wuce Sansanin Mango da Yandi, har a isa babbar kasuwar Salaga. Ƙasar Bargu ita ce fatake suka fi tsoro, saboda 'yan fashi. Kowane sarki kuma aka ratsa ƙasarsa sai an ba shi garama. Aikin madugu ne ya je fada ya yi ciniki a kan abin da za a biya, ya komo ya raba wa kowane falke nasa gwargwadon yawan jakunansa.

Komowa ta fi tafiya wuya, don goro ba ya son iska, ba ya son zafi. Sai an naɗe shi da ɗanyen ganye, a yi ta kwancewa a kan hanya ana yayyafa masa ruwa, ana tsince wanda ƙwaro ya taɓa, don kada ya ɓata sauran. Zuwa da komowa ya kan ci wata shida, wani lokaci har shekara guda. Duk tsawon kwanakin nan iyalin falke suna gida suna cin abin da ya bar musu a rumbu, matansa suna kaɗi da 'yan sana'o'insu na cikin gida don kuɗin cefane. Falke ba shi da albashin ƙarshen wata, ba shi kuma da fansho irin na ma'aikacin gwamnati in ya tsufa. Abin da ya tara da ƙuruciya, da gonarsa, da yaran da ya koya wa sana'a, su ne za su riƙe shi ran da ƙafa ta gaza. In kuwa 'yan fashi suka tare shi, ko goro ya ruɓe, to, wahalar shekara ta tafi a banza.

Alhassan yana da wajen shekara takwas ubansa ya rasu a Bebeji. Da aka raba gado tsakanin 'ya'ya masu yawa, abin da ya zo hannunsa bai taka kara ya karya ba. Uwarsa kuma ta tashi ta koma Ankara, babban birnin Ghana na yanzu, inda ta ke da harkar ciniki. Ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwar gidan, sunanta Tata. Wannan tsohuwa ita ta rene shi, shi ya sa mutane suka riƙa kiransa ɗan Tata, sunan kuwa ya bi shi da zuriyarsa har yau. Ku duba, sunan da ya zama sananne a duk Afirka ta Yamma ba na sarki ba ne, ba na madugu ba ne, na wata tsohuwa ne wadda ta riƙe maraya da amana.

Aka sa Alhassan makarantar allo a Bebeji. Kamar sauran almajirai, sai ya nemi abin da zai ci da abin da zai sa da guminsa. Tata ce ta koya masa ajiya. Ya sami asusu, duk abin da ya samu sai ya ci kaɗan ya jefa saura a ciki. A lokacin nan da wuri a ke ciniki, wuri kuwa sai an tara shi da yawa kafin ya sayi abin kirki. Amma da yayyafi kogi kan cika. Wannan hali da ya koya yana yaro bai rabu da shi ba har ya zama attajiri.

Da ya kai wajen shekara goma sha biyar, sai ya bi ayarin Gwanja don ya je ya ga uwarsa. Ya sha tafiyar ƙasa kamar kowane yaron fatake, ya isa Ankara lafiya. Yana tsammani zai zauna ya huta a gidan uwa mai arziki, amma ita ba haka ta nufa ba. Sai ta kai shi wurin wani malami ta bar shi can, ya ci gaba da karatu, yana neman abincinsa da kansa. Bayan ya daɗe sai ya komo Bebeji. Bai komo da dukiya ba, amma ya komo da abin da ya fi ta, don ya ga hanya, ya ga inda goro ke fitowa, ya kuma ga teku da manyan jiragen ruwa da ke tsayawa a Ankara.

A cikin 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, aka yi rikicin sarauta tsakanin ɗansa Tukur da Yusufu ɗan Sarki Abdullahi. Wannan yaƙi shi a ke kira Basasa. Garuruwa da yawa suka ɓaci, aka kama mutane bayi. Alhassan da 'yan'uwansa biyu, Bala da Sidi, suna cikin waɗanda aka kama. Allah Ya taimake shi bai daɗe ba ya kuɓuta, ya komo ya sake ɗaura ɗamarar neman na kansa.

A wajen wannan lokaci duniyar fatake ta fara juyawa. Yaƙi ya watsa kasuwar Salaga a 1892. Turawan Ingila da na Faransa da na Jamus suka rarraba ƙasashen da hanyar Gwanja ke ratsawa, suka kafa iyakoki, har tsakanin Illo da ƙasar Dahomey. A 1903 Ingilishi suka ci Kano. Waɗansu fatake suka nace wa tsohuwar hanya, cinikinsu ya yi ta raguwa. Alhassan kuwa sai ya tuna da jiragen da ya gani. Ya riƙa kai kayan Kano kudu ta Ibadan da Ikko, ya sayi goro a ƙasar Ghana, ya sa a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can a hau da shi arewa. Yana cikin Hausawa na farko da suka yi haka. Tafiyar da a da a kan yi sau ɗaya a shekara, sai ga shi yana yinta sau da yawa, goronsa kuma yana isowa da sauran ɗanyensa.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Kamfanonin Turawa suna son gyaɗa don masana'antun mai da sabulu na ƙasashensu, amma ba su san manoma ba, ba su san ƙauyuka ba. Waɗanda suka san su kuwa su ne fataken goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, don suna da yara a ko'ina. Alhassan ya baro Bebeji ya zauna cikin birnin Kano, ya shiga sayen gyaɗa, ya zama babban wakilin Kamfanin Neja, wanda daga baya, a 1929, ya shiga cikin kamfanin U.A.C.

Yadda ya tafiyar da wannan aiki irin na madugai ne. Ya kan ba yaransa kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo gyaɗa, su kawo, a auna, a yi lissafi, kowa ya ɗauki ladansa. Wanda ya riƙe amana sai a ƙara masa jari, har shi ma ya tsaya da ƙafarsa. Haka gidansa ya zama kamar ayari wanda ya sauka a zango ɗaya, mutane da yawa suna ci a ƙarƙashinsa. Buhunan gyaɗar da ke jiran jirgi aka riƙa jera su bisa juna har su yi tsini, shi ne a ke kira dalar gyaɗa. Yanzu babu su, sai a hoto, amma a zamaninsu sun sa sunan Kano ya kai nesa.

A cikin 1929 aka buɗe banki a Kano, wanda a ke kira Bank of British West Africa. Mutane da yawa suna jin tsoron ba baƙo ajiyar kuɗinsu, sun fi so su binne a tukunya. Alhassan ya kai nasa, kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Yaron nan mai asusu a Bebeji ya sami babban asusu ke nan. Kafin ƙarshen ransa ana lissafa shi wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Duk da haka ba a san shi da almubazzaranci ko fahariya ba. Yana lura da abin da ya shigo da abin da ya fita, ƙanƙane da babba. Amma tattali dabam, rowa dabam. Ya yi aikin hajji, ya kuma biya wa waɗansu suka je. Yana ciyad da malamai da almajirai da matalauta, don bai manta da cewa shi ma ya taɓa riƙe ƙoƙon bara ba. Da ya manyanta aka sa shi cikin majalisar Sarkin Kano, yana ba da shawara a kan al'amuran ciniki.

Da ya ga ajali ya matso, sai ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su zauna lafiya da juna, su riƙe zumunci, kada su bar sana'ar gidan ta watse. Ya san abin da ya faru da dukiyar ubansa a Bebeji, yadda ta zama 'yar kaɗan bayan an rarraba. Ya rasu ran 17 ga watan Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari cikin birnin Kano. 'Ya'yansa, irin su Ahmadu da Sanusi da Aminu, suka ci gaba da ciniki. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda kuka sha jin sunansa, jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Yau ba ayarin jakuna da ke sauka a bakin Kwara yana jiran fito. Manyan motoci ne ke ɗaukar kaya tsakanin Bagudo da ƙasar Benin. Amma direba, da ɗan kasuwa, da manomi, da masunci, duk halinsu ɗaya da falken da, don ba mai biyansu fansho in sun tsufa. Saboda haka, yara, in an ba ɗayanku kuɗin tara, ko ya yi wani ɗan aiki an biya shi, kada ya cinye duka rana ɗaya. Ya tuna da marayan Bebeji da asusunsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa mu yi koyi da kyawawan halayensa, amin.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin madugu, mene ne kuma aikin jagaba?
2. Faɗi garuruwa huɗu da fatake kan bi daga Jega zuwa Salaga.
3. Don me aka kira Alhassan da suna Ɗantata?
4. Wace dabara ya yi da ta sa goronsa ya riƙa isowa da sauri?
5. Me ke riƙe falke in ya tsufa?
6. Mene ne bambancin tattali da rowa?