Mustafa Alasan, Mai Fim ɗin Kwaɗi na Tawa

Duk yaron da ya tashi a Sakwa ko Azare a yau ya san katun, wato fim ɗin zane, domin yana kallon sa a talabijin ko a wayar yayansa. Yawancin waɗannan fina-finai daga Amurka ko Japan suke zuwa, har wasu yara suna zaton ba a taɓa yin irinsu a ƙasashenmu ba. Alhali kuwa a maƙwabciyarmu, Jamhuriyar Nijar, an yi wani mutum wanda ya fara wannan sana'a fiye da shekara hamsin da suka wuce. Sunansa Mustafa Alasan, kuma ana lissafa shi cikin mutanen farko da suka yi fim ɗin zane a Afirka ta kudu da hamadar Sahara.

Ƙuruciyarsa

An haifi Mustafa Alasan a shekarar 1942, lokacin da Faransa take mulkin Nijar. Tun yana ƙarami Allah ya hore masa zane. Yakan sami kwali ya yanka shi da siffar dabbobi, idan dare ya yi sai ya kunna fitila a bayan wani ƙyalle, ya riƙa motsa su. Inuwarsu takan bayyana a jikin ƙyallen kamar masu rai, yara da manya su taru suna kallo. Wannan wasan inuwa shi ne makarantarsa ta farko. A nan ya gane cewa da haske da inuwa da ɗan motsi ana iya ba da labari.

Da ya girma sai ya koyi kanikanci. Wannan sana'a ta amfane shi ƙwarai daga baya, domin mai yin fim a ƙasar da kayan aiki suke da wuyar samu dole ne ya iya gyaran na'urarsa, ya kuma iya ƙera abin da babu shi a kasuwa.

Daga Yamai zuwa Kanada

A birnin Yamai Mustafa ya haɗu da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch, wanda ya daɗe yana nazarin al'adun mutanen bakin kogin Kwara yana ɗaukar su a fim. Rouch ya ga basirar saurayin, ya jawo shi jiki, ya koya masa sarrafa kyamara. A shekarar 1962, shekara biyu bayan Nijar ta sami 'yancin kai, Mustafa ya fitar da gajerun fina-finai biyu waɗanda mutane ne suka fito a cikinsu. Ɗaya sunansa Aouré, wato Aure, yana nuna yadda ake neman aure da biki a wani ƙauyen Zabarmawa. Ɗayan kuwa tsohon labari ne na zoben wani sarki mai suna Koda.

Bayan haka Rouch ya taimaka masa ya tafi Kanada, inda ya zauna da ma'aikatan hukumar fina-finai ta ƙasar a birnin Montreal. A can ya sadu da Norman McLaren, gwanin gajerun fina-finan zane, wanda yakan yi zane kai-tsaye a jikin zaren fim ba tare da kyamara ba. Daga wurinsa Mustafa ya koyi sirrin sana'ar, ya kuma ga cewa mutum ɗaya mai haƙuri yana iya yin fim da hannunsa ko da ba shi da babban kamfani.

A shekarar 1965 ya kammala fim ɗin zanensa mai suna Mutuwar Ganji, wanda kwaɗi ne taurarinsa. Fim ɗin ya sami lambar yabo a babban bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar ta ƙasar Senegal a 1966.

Gajeren fim da dogon fim

Kafin mu fahimci zaɓin da Mustafa ya yi a rayuwarsa, ya kamata mu san yadda ake yin fim ɗin zane. A sinima, hotuna 24 ne suke wucewa a gaban idon mai kallo a cikin kowane sakan ɗaya. Saurin wucewarsu ne yake sa ido ya ga kamar abu yana motsi. Idan mutane ne suke wasa, kyamara takan ɗauki waɗannan hotuna da kanta. Idan kuwa zane ne, sai mai zane ya zauna ya yi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa. Domin rage wahala, masu zane sukan yi 12 a kowane sakan, su ɗauki kowanne sau biyu. Ko da haka, fim ɗin minti 5 yana bukatar zane 3,600, na minti 80 kuwa yana bukatar 57,600.

A ƙa'idar wasu manyan hukumomin sinima, fim ɗin da bai wuce minti 40 ba shi ne gajere, wanda ya haura haka kuma dogo. Walt Disney na Amurka da gajeru ya fara. Da ya tashi yin dogon fim ɗinsa na farko, Snow White, wanda ya fito a 1937, sai da ya tara ɗaruruwan ma'aikata, suka yi kimanin shekara uku suna aiki, aka kashe kusan dala miliyan ɗaya da rabi a kan fim ɗin minti 83. Kafin shi, wata Bajamushiya mai suna Lotte Reiniger ta yi dogon fim da yankakken kwali da inuwa, irin wasan da Mustafa ya yi yana yaro. Ta ɗauko labarinta daga Dare Dubu da Ɗaya, ita ma ta shekara uku kafin ta gama a 1926.

Mustafa ba shi da ɗaruruwan ma'aikata, ba shi da dukiyar Disney. Saboda haka fina-finan zanensa da aka sani gajeru ne, wasu minti biyar, wasu minti goma sha wani abu. Amma Hausawa sun ce ƙaramin goro ya fi babban dutse. Gajeren fim kamar karin magana yake: yana ɗaukar batu guda, ya faɗe shi, ya tsaya. Dogon fim kuwa kamar ƙagaggen labari yake, yana bin mutum tsawon lokaci har mai kallo ya ga yadda halinsa ya sauya da abin da ya jawo haka.

Kowane labari da irin rigarsa

A shekarar 1966 Mustafa ya yi fim ɗin zane na minti biyar mai suna Bon Voyage Sim, wato Sauka Lafiya, Sim. Sim kwaɗo ne, kuma shi ne shugaban ƙasar kwaɗi. An gayyace shi ziyara wata ƙasa, sai aka ga faretin sojoji da kaɗe-kaɗe da jirgin sama da dukan ƙasaitar da ake yi wa shugabanni. A lokacin ƙasashen Afirka da yawa ba su daɗe da samun 'yanci ba, kuma irin waɗannan bukukuwa suna cin kuɗi, talakawa suna kallo daga nesa. Da a ce mutum ne ya fito a matsayin shugaban, da an ce da wane ake. Amma wa zai kai ƙarar kwaɗo? Wannan dabara ta habaici ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, inda ake faɗa wa mai ƙarfi gaskiya ta bakin dabba. Mustafa yana ganin motsa kwaɗo ya fi motsa mutum ban dariya, shi ya sa kwaɗo ya zama tambarinsa.

A wannan shekara kuma ya yi wani fim na kusan rabin awa, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin kaboyi na farko a Afirka. Sunansa Le Retour d'un aventurier, wato dawowar wani ɗan yawon duniya. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa manyan huluna, suka ɗauki sunayen Turawa, suka hau dawakai, suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa. A nan Mustafa ya bar zane ya sa mutane, domin yana son samarin da suke cika gidajen sinima su ga kamanninsu, su ga yadda kwaikwayon baƙon abu ba tare da tunani ba yake raba yaro da iyayensa. Zalika Sulai, wadda daga baya ta zama fitacciyar 'yar wasa a Nijar, tana cikin waɗanda suka fito a fim ɗin.

Da ya zo kan labarin da ba zai shiga cikin 'yan mintoci ba, sai ya yi dogon fim. A 1972 ya fitar da F.V.V.A., haruffan farko na kalmomin Faransanci huɗu masu nufin mace da gida da mota da kuɗi. Labarin wani ƙaramin ma'aikaci ne mai suna Ali, wanda son rayuwar da ta fi ƙarfin albashinsa ya kai shi ga taɓa kuɗin da ba nasa ba, har ya ƙare a kurkuku. Irin wannan faɗuwa sannu a hankali take zuwa, don haka tana bukatar fiye da awa guda kafin mai kallo ya ji zafinta. Fim ɗin ya sami lambar yabo a bikin FESPACO na birnin Wagadugu, a shekarar da ɗan ƙasarsu Umaru Ganda ya ci babbar kyautar bikin.

Bayan haka ya haɗa kai da wata Bajamushiya, Anna Soehring, suka yi dogon fim mai suna Toula, daga wani labari na marubucin Nijar Boubou Hama. Labari ne na ƙasar da fari ya addaba, har aka ce sai an sadaukar da wata budurwa ta gidan sarauta ga aljanin ruwa. An yi fim ɗin a zamanin babban farin da ya auka wa Nijar da arewacin Nijeriya a farkon shekarun 1970, saboda haka masu kallo sun san ƙishirwar da ake magana a kai.

A 1977 ya koma ga gajeren fim da Samba le Grand, wato Samba Babba, labarin jarumin da wata gimbiya ta gindaya wa sharuɗɗa masu wuya kafin ta aure shi. A wannan karo 'yan tsana ya ƙera. Yakan ɗauki hoto, ya ɗan motsa hannun 'yar tsana ko ƙafarta, ya sake ɗauka, haka har ƙarshe. Ta wannan hanya mutum ɗaya yana iya tara mayaƙa da fadawa a kan teburi guda.

Zamansa a Tawa

Mustafa ya shugabanci sashen sinima na Jami'ar Yamai har shekara 15. Daga baya ya zauna a Tawa, ɗaya daga cikin manyan garuruwan Hausawa a Nijar, inda ya buɗe masaukin baƙi, ya kuma kafa ɗakin aikinsa. Itace da waya da ƙyalle da soso da gam su ne kayan da yake ƙera taurarinsa da su. Yakan kuma ɗauki majigi a mota ya shiga ƙauyuka, domin waɗanda ba su da gidan sinima su ma su yi kallo.

Ɗaya daga cikin fina-finansa da aka fi so shi ne Kokoa, wato Kokawa. Kokawa ita ce wasan da mutanen Nijar suka fi ƙauna, kuma a Tawa aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975. A fim ɗin Mustafa, kwaɗi da hawainiya da sauran dabbobi ne suke shiga fili suna kai ruwa rana, 'yan kallo suna sowa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kokawa bayan kaka zai gane abin da yake gani, ko da bai san harshen da ake magana da shi ba.

A shekarar 2007 gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girmamawa a bikin fina-finai na Cannes. Ya rasu a Wagadugu ta ƙasar Burkina Faso ranar 17 ga watan Maris, 2015, yana da kimanin shekara 73. Shekara biyu bayan rasuwarsa, wani babban gidan adana kayan fasaha a birnin New York ya tattara fina-finansa ya nuna wa jama'a.

A yau wayar da take hannun ɗalibi ta fi kyamarar da Mustafa ya fara aiki da ita sauƙin sarrafawa. Tambayoyin da ya riƙa yi wa kansa kuwa suna nan ga duk mai son ba da labari: me nake son faɗa, wa nake son ya ji, me nake da shi a hannu? Amsarsu ce ta sa ya ba shugaba Sim minti biyar da jikin kwaɗo, ya ba Ali ma'aikaci fiye da awa guda da fuskar mutum.

Ma'anar kalmomi

Kanikanci: sana'ar gyaran injuna da motoci.
Habaici: faɗa wa mutum magana a kaikaice ba tare da ambaton sunansa ba.
Ƙasaita: nuna girma da mulki.
Fari: rashin ruwan sama na tsawon lokaci.
Majigi: na'urar haska fim a jikin bango ko farin ƙyalle.
Gindaya: kafa wa mutum sharaɗi.

Tambayoyi

1. Wane irin wasa Mustafa Alasan ya riƙa yi yana yaro?
2. Ta yaya kanikanci ya amfane shi?
3. Idan ana yin zane 12 a kowane sakan, zane nawa fim ɗin minti 2 yake bukata?
4. Me ya sa ya zaɓi kwaɗo ya fito a matsayin shugaba Sim?
5. Me ya sa labarin Ali ya dace da dogon fim?

Aikin yi

Zaɓi tatsuniya ɗaya da ake yi da harshenku na gida. Rubuta ta da Hausa a cikin jimloli goma, sannan ka bayyana ko gajeren fim ta dace da shi ko dogo, tare da dalilai biyu.