Nana A'isha, wadda ta sanar da al'umma yadda Annabi ke raya goman ƙarshe

Da zarar goman ƙarshe na Ramadan ya kama, masallatai kan cika da masu tahajjudi, wasu kuma su ɗauki tabarma da bargo su shiga i'itikafi. Kaso mai yawa na abin da Musulmi suka sani game da waɗannan darare ya fito ne daga bakin mace guda, Uwar Muminai A'isha ƴar Abubakar Siddiƙu (RA).

An haife ta a Makka, a dangin Banu Taimi na ƙabilar Ƙuraishawa. Mahaifiyarta ita ce Ummu Ruman. Ta buɗe ido ta tarar da iyayenta cikin Musulunci, sannan ta tare a gidan Manzon Allah (SAW) a Madina bayan hijirar shekarar 622. Ba ta haihu ba, amma ana yi mata alkunya da Ummu Abdullahi, saboda Abdullahi ɗan Zubairu, ɗan yayarta Asma'u.

Ɗakinta ƙarami ne, kuma manne yake da masallaci. Wannan kusanci ne ya ba ta damar ganin abin da sauran sahabbai ba sa gani. Maza sun san Annabi a sahu da fagen fama, ita kuwa ta san yadda darensa yake bayan kowa ya shiga gida.

Ita ce ta ba da labarin cewa idan goman ƙarshe ya shigo, Annabi yakan ƙara himma fiye da ta sauran kwanaki, ya raba dare yana ibada, kuma ya tashi mutanen gidansa, ba ya barin su cikin barci. Ita ce ta faɗi cewa bai daina i'itikafi a waɗannan kwanaki ba har ya bar duniya, matansa kuma suka ci gaba da yi a bayansa. Daga gare ta aka ji umarnin neman Lailatul Ƙadari a dararen mara na goman ƙarshe. Kuma ita ce ta tambaye shi abin da mutum zai roƙa idan ya dace da daren, ya koya mata gajeriyar addu'ar neman afuwa da ake ta maimaitawa har yau.

Hatta ƙa'idojin i'itikafi, da yawa daga zamanta da shi aka ciro su. Ta ce yana cikin masallaci yakan miƙo kansa ta taje masa gashi tana daga ɗakinta, kuma ba ya shiga gida sai don wata buƙata ta dole. Da Abu Salama ɗan Abdurrahman ya tambaye ta sallar darensa, ta shaida masa cewa ba ya wuce raka'a 11, a Ramadan ko a waninsa, sai dai raka'o'i ne masu tsawo da natsuwa.

Akwai wani labari da ta bayar ba tare da ta ɓoye nata rabon a ciki ba. Wata shekara ta nemi izinin yin i'itikafi, aka ba ta, ta kafa ƴar rumfarta a masallaci. Hafsatu ta bi sahu, Zainabu ƴar Jahshi ma ta kafa tata. Da Annabi ya ga rumfunan a jere, sai ya nuna shakkar ko neman lada ne zalla ya kawo haka. Ya sa aka kwashe su, ya fasa i'itikafin wannan watan, ya rama kwana goma a Shawwal. Malamai sun ce ya ji tsoron kada kishi da gasa su shiga cikin ibada. Darasin bai tsufa ba, musamman a zamanin da hoton sahun tahajjudi kan riga mai shi isa gida ta wayar salula.

Annabi ya rasu a ɗakinta a shekarar 632, kuma a nan aka binne shi. Ta rayu sama da shekara 40 a bayansa, gidanta ya zama makaranta. Manyan sahabbai kan aiko mata da tambaya kan gado, da tsarki, da sha'anin iyali, kuma ta gyara wa wasunsu ruwaya. An ƙidaya mata hadisai 2,210. Cikin fitattun ɗalibanta akwai Urwatu ɗan Zubairu, da Ƙasimu ɗan Muhammadu, da wata mace, Amratu ƴar Abdurrahman. Ta hannunsu ilimin ya isa ga Ibnu Shihabi Zuhuri, daga shi ya isa ga Imamu Malik. Shi ya sa almajirin da ke karatun Muwaɗɗa a zaurukan Damagaram, Maraɗi ko Tawa, idan ya kai babin i'itikafi, da ruwayarta yake fara cin karo.

Rayuwarta ba ta rasa jarrabawa ba. Bayan kisan Halifa Usmanu ta fita neman a hukunta waɗanda suka aikata, lamarin da ya kai ga Yaƙin Raƙumi kusa da Basra a shekarar 656, inda Musulmi da dama suka rasa rayukansu. Sayyidina Aliyu ya mayar da ita Madina cikin girmamawa. Masu tarihi sun ce abin ya dame ta har ƙarshen rayuwarta. Daga nan ta janye daga harkar mulki, ta duƙufa ga karantarwa, da azumi, da kyauta.

Kyautar tata ma abin faɗi ce. Malik ya kawo cewa wani mabaraci ya zo ƙofarta tana azumi, babu komai a gidan sai gurasa guda. Ta sa aka ba shi, duk da an tuna mata cewa da ita za ta sha ruwa. A Ramadan kuma bawanta Zakwanu ne ke yi mata limancin sallar dare a gida. Wannan kaɗai ya isa hujja ga matar da raino ya tsare, ko ɗan ci-ranin da aiki ya hana zaman masallaci, cewa raya dare bai tsaya ga masu i'itikafi kawai ba.

Ta rasu a Madina a daren 17 ga Ramadan, shekara ta 58 bayan hijira bisa zance mafi shahara, wato 678, ana saura ƴan kwanaki goman ƙarshe ya shigo. Abu Huraira ne ya yi mata salla, kuma a cikin daren aka binne ta a maƙabartar Baƙi'a, kusa da sauran matan Annabi, kamar yadda ta yi wasiyya. Allah ya ƙara mata yarda.